Yadda Na Je Sabha Ɗauko Mutumin da Ba Ya Zama

Tun ranar da muka sauka daga mota a Tasawa ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, wancan a bakin kasuwa: "Laminu, yaya Libiya? Da gaske ne ana share dinari da tsintsiya? Da gaske akuya ma burodi take ci?" Bakina ya gaji. Tunda dai na taɓa 'yar lakkwal har aji shida, ga shi na rubuta, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, ku ƙyale ni in huta. Maganar akuya gaskiya ce. Ta dinari kuwa, wanda ya gaya muku ku tambaye shi inda ya baro tsintsiyar.

Ku fara sanin cewa ni ba neman arziki ya kai ni ba, aike ne. Yayana Sanusi magini ya shekara uku a Sabha, tun bayan farin da ya share mana garke. Atamfa tana zuwa, turare yana zuwa, shi ne dai ba ya zuwa. Ana nan sai idanun Inna suka fara mutuwa. Na dama ya rufe, na hagu ya saura kamar mai leƙe ta cikin hayaƙi. Muka kai ta likita Maradi, aka ce abin da ya rage ba zai wuce 'yan watanni ba. Da muka dawo ta kira ni ɗaki ta ce, "Tahi ka ɗauko mini yayanka. Ba ni son zane, ba ni son turare. Shi nika son gani tun da sauran gani." Wannan ita ce duk hajar da na ɗauka zuwa Libiya.

Daga nan zuwa Damagaram, daga Damagaram zuwa Agadas, ba abin ba da labari sai ciwon ƙugu. A Agadas na kwana tara a tasha ina jiran mota ta cika. A nan na yi wautata ta farko. Aka ce kowa ya nemi bido na ruwa, na ga wani mai araha na yi wuf na saya, ina ta yaba wa kaina wayo. Sai da muka shiga sahara na gane gazwal, man manyan motoci, aka taɓa zubawa a ciki. Har muka kai Sabha idan na yi gyatsa na kusa da ni sai ya kashe tabarsa.

Direbanmu wani mutumin Tubawa ne, sunansa Barkai, siriri, ba ya dariya, Hausarsa kuma ta kasuwa ce, ba gishiri ba mai. Ya jibge mu bisa buhuna, mu da tumaki, babu wanda ya fi wani daraja. Abin da ya fara haɗa ni da shi, kullum rana ta take sai ya tsaya a tsakiyar babu, ya buɗe bakin mota, ya shimfiɗa bargo a ƙarƙashinta ya miƙe ƙafa. Ba ya motsi sai inuwa ta karkata. Ni kuwa raina yana tafasa, ina tuna idon Inna. A rana ta uku na leƙa ƙarƙashin motar na ce, "Malam direba, don Allah mu tahi mana. Uwata ke jira."

Ko ido bai buɗe ba. Ya ce, "Uwa jira. Mota zafi, mota mutu. Mota mutu, kai mutu, uwa kuka. Kwanta."

Na kwanta ina zaginsa a zuci. Bayan mun wuce Dirku muka iske gawar wata mota, rairayi ya cinye ta har wuya. Barkai ya nuna ta da haɓa ya ɗaga murya yadda zan ji daga sama: "Wannan direba mai sauri." Ban sake leƙa ƙarƙashin mota ba sai don neman wurin kwanciya.

A bakin iyaka muka isa bayan azahar. Wani ɗan ɗaki ne da tuta a kai, ƙofa a saye, ba ka hangen komai sai tafin ƙafafun mai duba takardu a kan katifa. Muka yi sallama, muka yi tari, wani ma ya saki tunkiya ta yi kuka, ƙafafun nan ko gezau. Barkai ya ce, "Gaila." Nan na fara jin kalmar. Ita ce malamanmu suke ce wa ƙailula, barcin tsakar rana, wadda mu a wa'azi kawai muka san ta. A can kuwa ta fi dokar gwamnati ƙarfi. Sai bayan la'asar mutumin ya tashi, ya yi salla, ya dafa shayi har zubi uku, sannan ya tuna da mu. Na tuna masu tsaron hanyarmu na gida, waɗanda ko a kabari suka ji ƙugin mota sai sun ɗaga kai.

Daga Gatrun hanya ta yi sauƙi, muka shiga Sabha da hantsi. Ku da kuke tambaya, ga Sabha: gari ne da ake ginawa gaba ɗaya a lokaci guda. Ko'ina siminti, ko'ina ƙarfe, sababbin motoci a hannun mutanen da jiya raƙumi suke ja. Man fetur ya sauko musu da arziki kamar an fasa rumbu a kansu. Idan ka ɗaga ido kuma ka duba wanda ke kan tsani, ko wanda ke cikin rami, kada ka wahalar da kanka da Larabci, ce masa "sannu da aiki" zai amsa.

Masaukin yayana a unguwar Manshiya yake, wani ɗaki a bayan gareji, su tara a ciki, ni na goma. Wani Bakano mai suna Ɗanladi, makanike, shi ya karɓe ni ya ba ni makaroni da jan miya mai yajin da ya tsayar mini da numfashi. Abincin ke nan safe da yamma, sai burodi da ba a san darajarsa ba. Na tambaye shi Yaya, ya yi dariya ya ce, "Wa, Inji? Sunan da muka sa masa ke nan. Ai mu da muke ɗaki ɗaya da shi ma tabarmarsa muka sani. Ka je wajen sabon ginin nan na bayan kasuwa, duk wanda ka ga yana gudu da baro alhali ba a kore shi ba, shi ne."

Na same shi a saman tsani. Wallahi da ba don muryarsa ba da na wuce shi. Ya bushe, idanu sun faɗa ciki sun yi ja. Ya leƙo ya ce, "A'a, Laminu! Mi ya kawo ka? Gida lahiya?"

Na ce, "Lahiya lau, Yaya. Sauko mu gaisa."

Ya ce, "Hwaɗi daga nan, ina ji."

Kun san a wurinmu ba a gaya wa mutum magana mai nauyi yana tsaye. Sai an zauna, an gaisa, an tambayi gajiya, sannan a sauke. To kwana uku na yi ina bin bawan Allah nan ina jiran ya zauna. Da asuba yana wurin gini. Da azahar, idan gari ya kwanta, yana wani fili yana buga bulo. Da yamma yana sauke kaya a kasuwa. A tsaye yake cin abinci, sallarsa kuwa kamar kaza na tsince dawa, kafin in gama fatiha ya sallame. Ƙwayar ciwon kai a aljihu yana watsa ta baki kamar gyaɗa. Abu kaɗan ya hau faɗa. Na gan shi da idona ya zagi shebur don ya faɗi.

A rana ta huɗu na ajiye al'ada. Ina biye da shi yana tura baro, na ce, "Yaya, Inna na makancewa. Ta ce ka zo ta gan ka."

Ya tsaya. Ya ajiye baron, ya share fuska da hannun riga, na ce alhamdulillahi yau zai zauna. Sai ya sake kama baron ya ce, "Na ji. Bari in gama wanga aiki mu tahi."

Kada wani ya ce yayana ba ya son uwarsa, zan ɓata da shi. Duk abin da yake yi don ita yake yi, ko dai haka ya fara. Abin da ya same shi, ya manta yadda ake tsayawa. Ya bar gida da tsoron yunwa, yunwar ta wuce, tsoron ya zauna. Ko ya rufe ido, in ji Ɗanladi, hannunsa yana motsi kamar mai shafe.

Ni kuwa da ba ni da aiki sai jira, na ƙare wa gailar nan kallo. Ana sallame azahar sai ka ji ƙofofin kantuna suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai kanti ya rufe ko da kana miƙa masa hannu, makanike ya bar mota da hanji a waje, kare ma ya nemi gindin bango. Na taɓa ƙwanƙwasa wa wani mai shago don in sayi sabulu, kallon da ya yi mini ta taga sai ka ce na shigar masa gida ba sallama. Bayan la'asar su fito fes, su zauna shan shayi mai kumfa, ƙaramin kofi, har zubi uku, na ƙarshe da gyaɗa a ciki, ana hira kamar ba gobe. A Tasawa wanda aka kama yana barci da rana sai a yi masa waƙa a dandali, a hana shi mata. Yaya yakan tofar da yawu ya ce, "Ragwaye! Da ba mu, ko bangon makewayi ba su tadawa." Ban ce ya yi ƙarya duka ba. Hutu yana da daɗi ƙwarai idan akwai ɗan Nijar a rana yana yi maka haƙa. Sai dai daga baya na ga tsofaffin manoma waɗanda man fetur bai san da zamansu ba, masu hawan dabino da ƙafa, su ma gailar suke yi, kuma sun tsufa da ƙarfinsu.

"Wanga aiki" da Yaya ya ce zai gama, ashe yana da ƙane, ƙanen ma yana da ƙane. Sai da na yi masa kuka sosai, da hawaye, sannan ya rantse cewa saura ɗaya. Ya riga ya yi wa wani dattijo alkawari a Zigan, wani ƙauyen dabino a arewa da Sabha, zai gina masa jabiya, wato babban kwarmin siminti da inji ke zuba ruwa a ciki a shayar da gona. Na je tasha na samu Barkai, ya ce zai juya kudu nan da kwana goma sha biyu. Aikin kuma na kwana goma ne. Kun ga ai lissafi ya fita, har da rarar kwana biyu.

Mai gonar sunansa Haj Miftahu, tsoho mai farin gemu wanda ya yi fataucin Damagaram da ƙuruciya, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya karɓe mu da bazin, tuwonsu na sha'ir, mai taurin da idan ka jefi mutum da shi sai an je gaban alƙali. Da muka ci ya kafa mana doka: "Aiki asuba har rana nan," ya nuna sama da sanda. "Bayan haka rufe siminti da buhu, zuba ruwa, kwanta. La'asar tashi. Siminti ba son rana. Siminti ma so ya huta."

Yaya ya ce, "Bahi, ya Haj," wato to madalla. Muna juya baya ya ce mini, "Ji tsoho, shi za ya koya mini siminti. Kwana shida mu gama. Akwai wata 'yar katanga a Sabha, in munka yi sauri sai in cusa ta kahin mota."

Na ce, "Yaya, ka hwa rantse."

Ya ce, "Katanga aiki ce? Yi mini shiru."

Abin da ya biyo baya ina jin kunyar rubuta shi, amma tunda na fara. Kullum Haj Miftahu ya shige bukkarsa ya kwanta, sai Yaya ya zungure ni da ƙafa: "Tashi, Balarabe ya yi kwana." Mu lallaɓa kamar ɓarayi, mu kwaɓa siminti a hankali kada shebur ya yi ƙara. Ku duba fa, mutane suna satar akuya, suna satar hatsi, mu wahala muke sata, kuma muna tsoron kada a kama mu a hana mu. Rana tana dukan ƙeya, ƙarfe ba ya taɓuwa, simintin kana shafawa yana bushewa a kan cokalin gini. Buhunan da aka ce mu jiƙa mu rufe, Yaya ya ce ɓata lokaci ne, muka tara su a gindin dabino. Kafin la'asar mu koma mu kwanta, mu yi minshari na ƙarya. Ni da aka aiko in ɗauko mutum, ni ne mai ɗebo masa ruwan kwaɓi. Na ce a raina da sauri da sauri dai gida muke nufa.

A rana ta shida da hantsi Yaya ya kira Haj, yana ta washe baki. Tsohon ya zagaya jabiyar, ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya saurara, ya dube mu. Ya je ya tayar da inji. Ruwa ya hau har gwiwa, Yaya yana duban tsoho ƙasa-ƙasa. Sai muka ji ɗas, sannan ɗas ɗas. Bango ya tsattsage kamar kaushin diddige. Ruwa ya ɓalle ta gefe, ya kwashe kwamin albasa, ya bi ta kan tabarmar Haj ya tafi da butar shayi da kofuna.

Yaya ya yi tsalle ya faɗa ciki yana toshe tsaga da tafin hannu, ya cire riga ya cusa, ya toshe nan can ta buɗe. Da ruwan ya ƙare ya fito ya ɗauki guduma. Rana ta take a lokacin. Haj ya ce, "Bari, bari! La'asar!" Ina! Ya hau dukan bango yana zagin siminti, yana zagin rana, yana zagina. Bai kai duka ashirin ba na ga gudumar ta suɓuce, jini ya ɓalle masa ta hanci, ya zube kamar an sare shi. Na ɗauka ya mutu. Na tsaya ina salati, abin da ke zuwa mini kawai shi ne da wane baki zan gaya wa Inna.

Tsohon nan shi ya ja shi inuwa. Ya kwaso buhunan da muka ƙi amfani da su, ya tsoma a ruwa ya lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Yana yi yana cewa, "Buhu na siminti ne. Siminti ba samu ba, kai samu." Da yamma ya sa shi a mota ya kai shi likita Sabha, aka yi ta ƙara masa ruwa. Kwana uku bai san inda yake ba, yana ta kiran a miƙo masa bulo.

Ranar da Barkai zai tashi na je tasha, ban san ma me ya kai ni ba. Ya ce, "Yaya ina?" Na ce yana kwance. Ya ce, "Yanzu ya iya kwanta." Ya tayar da mota. Na tsaya ina kallonta har ta ɓace, na koma bayan wani bango na yi kuka.

Sai da Yaya ya yi sati uku kafin ƙafarsa ta ɗauke shi. Likita ya ce idan ya hau sahara a haka, a can za a bar shi. Muka koma Zigan, don Yaya ya ce ba zai bar ɓarna da sunansa ba, Haj kuma ya ce ya zo ya yi jinya a inuwa. Muka farfasa abin da muka gina, muka sake, wannan karon da dokar tsoho, shi kuma ya dawo da shimfiɗarsa bakin jabiya ya ɗora sanda a kan shebur. Kwanakin farko Yaya yakan kwanta ido buɗe kamar ɗan kurkuku, yatsunsa suna motsi. A hankali barci ya fara sace shi. Ciwon kai ya tafi, ƙwayoyin suka narke a aljihu, ya daina faɗa da kayan aiki. Kwana tara muka gama, aka cika ta fal, ko ɗigo.

Wata rana muna kwance a gindin dabino, bayan ya farka, ya ce, "Laminu, wane ido ne ka ce ya saura?"

Fiye da wata guda da na gaya masa, sai ranar maganar ta samu wurin zama. Na ce na hagu. Ya tambayi yadda take tafiya, wa ke ɗebo mata ruwa, ko tana gane mutane. Ya juya fuska wajen itacen, na ga kafaɗarsa tana rawa. Daga ranar shi ne mai zuwa tasha kullum yana tambayar mota.

Dawowa ba sai na ba ku labari ba, hanyar ce dai, da Barkai da bargonsa. Mun iso da la'asar, kun gan mu. Abin da ba ku gani ba shi ne cikin gida. Ƙanwarmu Hadiza ta tare mu a zaure, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kullum tana zamne ƙohwar gida tana duban hanya. Sati uku ke nan, da rana tsaka, ta ce in kunna hitila dare ya yi." Yaya ya san inda yake sati uku da suka wuce, ya kuma san motar da ta tafi ta bar mu.

Ya shiga ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa kamar jiya suka rabu, fuskarta tana kallon gefen da ba nan yake ba. Ya buɗe jaka ya fito da tsarabarta, wata darduma ta bango mai hoton Ka'aba da ɗawisu biyu, ya rasa yadda zai yi da ita, ya ɗora mata a cinya. Ta shafa ta ce tana da laushi, Allah ya yi albarka. Ba ta kai hannu fuskarsa ba, ba ta kira sunansa ba, ɗan fari ne. Sai da ta ji kamar ya fita, alhali yana nan tsugune a bakin ƙofa, ta laluba ta kamo hannuna ta ce a hankali, "Kai da ka gan shi, hwaɗa mini. Ya yi ƙiba? Shina nan da kyawonshi?"

Na dubi yayana, mutumin da bai kai arba'in ba, furfura ta cika masa kai, wuya kamar na zakara, yana roƙona da ido. Na ce, "Shina nan yadda kika san shi, Inna."

Ta ce, "Alhamdulillahi."

Ita ce ƙarya ɗaya da na yi a duk tafiyar nan, kuma wanda ya je ya gyara mata ita, ni da shi ne.